Darakta da Kabad ɗin Gwaggo

A gidan benen nan babu wanda ya tuna ranar da aka laƙaba wa Darakta sunan Darakta, amma kowa ya san dalili. Wata rana can baya, a bikin yaye ɗalibai, hannun mai ɗaukar bidiyo ya gaji, ya miƙa masa fitila ya ce ya ɗan riƙe masa. Shi ke nan fa. Tun daga ranar bawan Allah ya ɗauki kansa masanin haske da inuwa. Aikinsa na gaskiya danna injin kwafi ne a wani shago da ke bakin titi, amma idan ka tambaye shi sai ya gyara wuyan riga ya ce maka yana harkar hoto. Ko shayi aka kawo masa sai ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce an ajiye kofin inda haske bai dace ba.

Gwaggonsa, ƙanwar babansa, a hawan ƙasa take zaune. Ciwon ƙafa ya matsa mata, 'yarta ta ce ta tattara ta koma wajenta ƙarshen wata. Komai na ɗakin ya samu wurin zuwa ban da kabad. Ƙaton kabad ne na katako mai ƙofa biyu, wanda marigayi mijinta, kafinta, ya ƙera da hannunsa a cikin ɗakin nan shekarar da suka tare. Ɗakin da za ta koma ko rabinsa ba zai ɗauka ba. Mai kula da gidan kuwa ya riga ya faɗa, ko ido bai ƙifta ba, cewa sababbin 'yan haya na tafe, duk abin da ya tarar a wurin guduma ce za ta fitar da shi.

'Yar Gwaggo ta ɗauki hoton kabad ɗin da waya ta saka a shafin gwanjo na intanet, inda masu saye ke taya kaya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Shiru kake ji. Ko da wasa babu wanda ya taya.

"Ni ba kuɗin ne damuwata ba," in ji Gwaggo, ranar da ta lallaɓa ta hau sama wajen Darakta da matarsa. "Kada dai idona ya ga an sa masa guduma. Ya samu gidan da za a riƙa buɗe shi ana rufewa, shi ke nan burina."

Darakta ya karɓi wayar ya duba hoton, ya ja tsaki mai tsawo.

"Wa ya ɗauki wannan? Kabad ne ko ƙofar kurkuku?"

"Ƙanwarka ce."

"Allah ya shirye ta. Gwaggo, ki sa a ranki an sayar an gama. Ni da kike gani, ko tsintsiya na ɗauka a hoto sai an yi mata layi."

Matarsa tana ninke kayan wanki a gefe, ba ta ko ɗago ba. "Baban yara, hoton da ka ɗauki yaran nan a bakin makaranta, har yau muna neman kawunansu."

"Salo ne wannan. Ke me kika sani game da salo?"

Ranar Asabar da hantsi ya sauko da shirinsa. Ya leƙa ɗakin Gwaggo, ya ɗaga hannu sama ya yanke hukunci cewa hasken ɗakin matacce ne, dole kabad ya fita tsakar gida. Ya je ya janyo Tela da Mai Aski, waɗanda shagunansu ke manne da ƙofar gidan, ya ce aikin minti kaɗan ne. Su biyu suka kama daga waje, shi ya tsaya daga ciki yana ba da umarni. Kabad ya taho, ya taho, ya zo bakin ƙofa ya cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ga Darakta a kulle a ciki.

"Ku karkata shi!"

"Ta wane ɓangare?" in ji Tela, yana nishi.

"Ta ɓangaren haske!"

"Malam, yatsana ne a ƙarƙashi, ba haske ba!"

Sai da Mai Aski ya samo sukundireba aka kwance ƙyauren ɗakin gaba ɗaya kafin kabad ya yarda ya fito. Mai kula da gida yana tsaye jikin bango da hannu a aljihu, ya ce a tuna masa a mayar da ƙyauren yadda aka same shi. Darakta ya fito yana karkaɗe riga, ya ce dama haka ya tsara.

Na farko, a cewarsa, kaya na son farin bango a bayansu. Ya haura sama ya yaye zanin gadon matarsa, ya shanya a igiya bayan kabad. Yana saita waya iska ta taso, zanin ya naɗe kabad ruf, Darakta ya ɗauki hoton wani farin tudu. Ya sake gyarawa, iska ta sake, wannan karon shi ta naɗe. Mai Aski ya zauna a ƙasa don dariya.

Na biyu, katako na son ƙyalli. Ya shiga kicin ɗin Gwaggo ya ɗauko man girki, ya tsiyaya a tsumma ya mulke kabad daga sama har ƙasa. Ya yi ƙyalli kam, babu ƙarya. Kafin ya gama yaba kansa, kiyashi sun samu labari, suka taho a jere ta ƙafar kabad kamar an aika musu goron gayyata.

"Kun gani ko?" in ji Darakta. "Har ƙwari sun san abu mai kyau."

"Ɗan nan, matsa ka ba ni wuri," in ji Gwaggo. Ta ɗebo ruwan sabulu ta wanke kayanta tas, tana yi tana salati ƙasa-ƙasa.

Wankin ya ci lokaci, rana ta juya, fuskar kabad ta faɗa inuwa. Darakta bai karaya ba. Ya ce manyan masu hoto ba sa jiran rana, kamo ta suke yi. Ya lallashi Mai Aski ya ciro babban madubin shagonsa, mai zanen ruwan zinare a gefe, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Aka ba Tela ya riƙe.

"Ɗaga. Ƙara. Juya hagu. Hagunka, ba haguna ba!"

Hasken ya tsallake kabad, ya haye bango, ya dira a idon Malama, malamar makarantar da ke hawa na biyu, daidai tana saukowa da baho cike da jiƙaƙƙun kaya. Ta kuskure matakala, Allah ya taimaka ta cafke ƙarfen gefe, amma baho ya yi nasa wuri. Kayan suka sauko kan Tela, wani wandon yara ya zauna masa daram a ka. Bai saki madubin ba, don Mai Aski na gefe yana rantsuwa cewa in ya fashe yau sai an kwana a ofishin 'yan sanda.

Malama ta sauko ta wanke Darakta tas, ba ta bar masa ko kusurwa ba. Shi kuwa yana tsaye yana gyaɗa kai, don a daidai lokacin wata sabuwar dabara ta faɗo masa. Ya bari ta numfasa, sannan ya ce, "Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma tsakani da Allah, a duk gidan nan akwai mai kafet irin naki? Jan nan mai fure?"

Malama ta ɗan sassauta. "To, sai aka yi yaya?"

"Aro za ki ba mu. Don Gwaggo."

Dabarar ita ce, kabad shi kaɗai a hoto maraya ne. Mai saye, in ji Darakta, ba katako yake saye ba, rayuwa yake saye, dole a nuna masa kabad a cikin 'yan'uwansa. Aka shimfiɗa kafet ɗin Malama. Aka jingine madubin Mai Aski a dama. Aka kawo fankar Tela mai tsayuwa, sabuwa fil, aka kafa a hagu. Har yanzu Darakta bai gamsu ba, ya ce babu ɗan Adam a wurin. Aka ɗauko mutum-mutumin da Tela ke rataya ɗinki a kai. Ya ruga sama ya sauko da kwat ɗinsa mai ruwan toka, guda ɗaya tilo da ya mallaka, ya sanya wa mutum-mutumin, ya ɗora masa hannu a kan ƙofar kabad kamar mai shirin fita ofis.

Gaskiya dai gaskiya ce, ko a kan Darakta: hoton ya yi kyau. Rana ta yi sanyi, iska ta kwanta, kafet ya yi jajir, madubi na walƙiya. Har Malama sai da ta ce a tura mata. Kowa ya kwashi kayansa ya mayar, aka ja kabad ƙarƙashin rumfa aka rufe da leda.

Da yamma yana saka hoton a shafin, matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ba ka rubuta komai a ƙasa ba."

"Me zan rubuta?"

"Ka ce kabad ne kaɗai na sayarwa."

Ya ajiye wayar, ya dube ta da tausayi. "Maman yara, bayani na masu mummunan hoto ne. Ƙanwata ta rubuta bayani har layi nawa, wa ya taya? Hoton ƙwararre shi ke magana da bakinsa."

"To Allah ya sa kada ya yi surutu da yawa," ta ce, ta koma kicin.

Kafin gari ya waye an fara tayi. Wannan ya taya, wancan ya ɗora, wata ta zo ta haye su duka. Darakta ya daina tafiya irin ta mutane, sai taku ɗai-ɗai da waya a hannu. Tambayoyi suka riƙa shigowa, yana karanta wa jama'a da ƙarfi a shagon Mai Aski.

"Ku ji wannan: 'Kafet ɗin na ulu ne?' Kun ga masu ido ko?" Ya rubuta: Ulu zalla.

"'Fankar tana aiki?'" Ya rubuta: Kamar guguwa.

"'Madubin babu tsaga?'" Ya rubuta: Ko ƙwarzane babu.

Mai Aski ya tsayar da almakashi. "Wai ni, me ya haɗa su da madubina?"

"Yabo ne, kai ma. Mutum in ya ga aikin gwani, komai na ciki sai ya so ya san labarinsa. Ka gode mini, na fitar da madubinka duniya."

Ya shiga yi wa mutane alkawari. Ya ce wa Tela zai ɗaukar masa hoton ɗinkuna, amma sai ya duba lokacinsa. Ya gaya wa mai shagon kwafi ya fara neman wani, don shi kwanansa a nan ya kusa ƙarewa. Gwaggo kuwa da ta ji an taya, sai ta samu barci. Kullum da safe takan ɗaga ledar ta shafa kabad ɗin, ta ce masa ya kusa samun gida.

Aka rufe gwanjo, wata Hajiya mai gyara ɗakuna tana ba da haya ta yi nasara. Ta ce za ta zo ɗauka ranar ƙarshen wata, ranar da Gwaggo za ta tashi. Darakta ya bi gida-gida yana gayyata a zo a ga yadda ake miƙa kaya a zamanance. Ya yi wanka, ya fesa turare, ya saka kwat ɗinsa mai ruwan toka duk da zafin da ake yi. Matarsa ta tafi aiki tun safe, ta ce a ba ta labari.

Motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya ta sauko, gajeriya mai tabarau, da lebura biyu a bayanta. Tsakar gida ta cika, har da masu leƙe ta taga. Darakta ya yaye ledar da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabon gini.

"Hajiya, ga amanarki."

Hajiya ta dubi kabad, ta dubi wayarta, ta dubi hagu da dama. "Madalla. Ina sauran?"

"Sauran me?"

Ta juyo masa da hoton. "Kafet. Madubi. Fanka. Mutum-mutumi. Na ga an kwashe."

Darakta ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ai Hajiya waɗannan ado ne. Don fito da kyan kabad."

"Ado? A ina ka rubuta ado ne? A shafin nan abin da ke hoto shi ne kaya, sai in mai kaya ya ware. Na tambaye ka kafet, ka ce ulu zalla. Na tambaye ka fanka, ka ce guguwa. Kai a tunaninka duk wannan tayin da muka yi ta zubawa, a kan tsohon kabad ne shi kaɗai?"

Tsakar gida ta fashe da hayaniya gaba ɗaya.

"Kafet ɗina ka sayar?" in ji Malama, ta dafe ƙirji.

"Wallahi ko ƙusar da madubina ke rataye ba ta fita daga shagona!"

"Fankar da ko ledarta ban gama ɓarewa ba?"

"Ku tsaya, ku tsaya," in ji Darakta, gumi na bin wuyan kwat. "Rashin fahimtar fasaha ne kawai. Hajiya, a ƙasashen da suka ci gaba..."

"A nan muke," ta katse shi. "Ko a ba ni abin da na gani, ko in fasa, ku riƙe kabad ɗinku." Ta yafito leburorinta. "Ku mu tafi."

A nan ne mai kula da gida ya gyara murya daga inda yake jingine. Ya sauya wa gudumar da ya fito da ita hannu.

Darakta ya waiwaya ya ga Gwaggo. Tana zaune kan ƙullin kayanta a bakin ɗakin da ba nata ba ne kuma, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ko dube shi ba. Kabad ɗin kawai take kallo. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tausayinta kuma ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Hajiya!" Ya sha gabanta a bakin ƙofa. "Kafet kike so? Akwai kafet. Ba ja ba ne, amma kafet ne. Akwai fanka. Akwai madubi."

"A ina?"

Ya nuna benen da yatsa. "A sama. Hawa na uku."

Hajiya ta hau ta duba da idonta, ta taɓa, ta ƙwanƙwasa, ta ce ba su kai na hoto ba, sai dai a cike da labulen falo. Ya ce a cike. Leburori suka fara saukowa da kaya, jama'a na rakiya da baki. Kafet ɗin falonsa ya wuce a naɗe. Fanka ta wuce tana jan wayarta a ƙasa.

"Kamar guguwa!" wani ya yi ihu daga taga.

Madubin matarsa na saukowa, sai ga matar ta shigo gida da jaka a kafaɗa. Ta tsaya ta ga fuskarta na wucewa a hannun wani ƙato.

"Baban yara, ina madubina za shi?"

"Maman yara, zan yi miki bayani."

"Au, yau kuma bayani ya halatta?"

Saura mutum-mutumi, shi kam Darakta ba shi da shi. Hajiya ta ce ba ta san zance ba.

"Ku ɗauke shi shi kansa mana," in ji Tela. "Ai aikinsu ɗaya, tsayuwa cikin kwat."

Da aka gama dariya, Tela ya dubi Gwaggo, ya girgiza kai, ya shiga shago ya fito da wani tsohon mutum-mutumi mai hannu ɗaya da ya daɗe a bayan ƙofa. "Don Gwaggo na bayar," ya ce, "ba don kai ba." Hajiya ta karɓa da ƙyar. Darakta ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa hannu a yi sallama. Hajiya ba ta karɓi hannun ba. Ta sauke tabarau, ta dubi hoton, ta dube shi daga wuya zuwa gwiwa.

"Wannan kwat ɗin fa?"

"Wanne?"

"Na jikinka. Ga shi nan a hoto, har da maɓallin da ya bambanta da sauran."

"Hajiya, a gaban jama'a?"

"A gaban jama'a ka sa shi a kasuwa."

Ya tuɓe. Dama saboda zafi bai sa riga a ciki ba, daga shi sai singileti mai huji a kafaɗa. Mai Aski ya karɓi kwat ɗin da ladabi ya sanya wa mai hannu ɗaya, ya ɓalla masa maɓalli, ya ce wallahi ya fi yi masa kyau.

Aka ɗaga kabad, ya hau mota lafiya lau. Gwaggo ta taso da sandarta ta ƙarasa jikin motar, ta kama hannun Hajiya.

"'Yar nan, ƙofar hagun sai kin ɗan ɗaga ta kafin ki ja. Kada ki yi mata da ƙarfi. Kuma ba ya son jikin bango mai danshi."

Hajiya ta gwada, ta ɗaga ta ja, ƙofar ta buɗe ba ko ƙara. Ta leƙa ciki, ta shafa katakon. "Wa ya yi wannan aikin, Mama?"

"Maigidana."

"To ba ɗakin haya za shi ba. Ɗakina zan sa shi."

Gwaggo ta juya da sauri tana goge ido da bakin mayafi. Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ta dawo ta dafa kafaɗar Darakta, daidai wurin hujin.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ba ka da wayo ko na sisi, amma ka fitar da ni."

Mai kula da gida ya mayar da gudumarsa ɗaki, ya dawo ya tuna wa Darakta zancen ƙyaure.

Da la'asar, bayan 'yar Gwaggo ta zo ta tafi da ita, Darakta ya hau sama. Falo ya zama fili, siminti tsirara, rana na shigowa ta taga yadda ta ga dama. Matarsa na zaune a kujera tana fifita da murfin kwali, yara na zagaye ɗakin suna ihu don su ji muryarsu na dawowa. Ya daɗe a bakin ƙofa yana jiran ta fara, ba ta fara ba. Da shirun ya ishe shi, sai ya gyara tsayuwa, ya ja singiletinsa ƙasa.

"Ki faɗi duk abin da za ki faɗa, Maman yara. Amma ki tsaya a kan gaskiya. Hotona ya sayar da kabad ko bai sayar ba?"

Ta dubi inda kafet yake da, ta dubi taga, ta ci gaba da fifita.

"Ya sayar," ta ce. "Har da falo."